Ba Hannu Aka Sa Maki Ba Ƙanwata, Fulawar Ce Ba Ta Kai Ba

Saƙon wannan satin daga nan cikin garin Katsina ya fito, wata ƙanwarmu ce ta turo ta ce a sakaya sunanta, na ɗan rage mashi tsawo.

"Anti barka da warhaka, dan Allah ki taimaka mani kaina ya kulle. Ina zaune wajen Ƙofar Ƙaura, na biya kuɗi na shiga ajin koyon kek a WhatsApp, malamar ta ba mu haɗi kamar haka: fulawa giram 500, bota giram 500, sikari giram 400, ƙwai 10, bekin foda giram 10. Ba ni da sikeli, kofunan awo na roba gare ni, na tambayi maƙwabciyata ta ce ai kofi ɗaya giram 250 ne, sai na zuba fulawa kofi biyu, sikari kofi ɗaya da rabi, bota leda biyu. Anti ya tashi kamar abin arziki, can sai tsakiyar ta lotsa, ƙasan kuma mai ne kwance. Da na sake sai na ƙara fulawa da ido, ya fito da tauri har yara suka ƙi ci. Ga shi bikin ƙanwar maigidana saura sati uku, ni aka ba ƙananan kek 300 da cincin ɗin gara, uwar mijina kuma ta ce ita da mudu da gwangwani take cincin ɗinta ba ta san wani giram ba. Har an fara yi mani habaici a gidan. Zuciyata na ba ni ko malamar ta ɓoye wani sirri ne, ko kuma hannu aka sa mani dan kar in fita kunya."

Toh ƙanwata, da farko ki cire batun hannun nan daga ranki, addu'a dai ba a barinta ko yaushe, amma wannan karon wlh babu wanda ya taɓa maki komi. Malamar ma ki wanke ta, haɗin da ta ba ku mai kyau ne, tsohon haɗi ne ma da masu kek suka daɗe suna yi, fulawa da bota da ƙwai kusan nauyi ɗaya, sikari ya ɗan yi ƙasa. Wurin maƙwabciyarki aka samu tangarɗa, ita ma ba da mugunta ba, abin da ta ji ne ta faɗa maki, kuma rabin gaskiya ne. Kofi mai cin ml 250, wato mililita da ake awon ruwa da ita, yana zama giram 250 ne in RUWA aka zuba a ciki, sbd ruwa ne ml ɗayanshi ke daidai da giram ɗaya, madarar ruwa ma tana kusa da haka ƙwarai. Amma fulawa ba ruwa ba ce, rabinta iska ce. Ke kin sani ai in kika cika kwano da gero kika cika irinshi da dusa kika ɗaga su, hannunki kaɗai zai gaya maki ba ɗaya suke ba alhali kwanon bai canza ba. Kofi wuri yake aunawa, iya abin da zai shiga cikinshi, giram kuma nauyi yake aunawa, dan haka kowane kayan haɗi da nashi lissafin, babu lamba ɗaya da ta ɗauke su duka.

Bari mu bi haɗin naki ki ga ɓarnar da idonki. Kofi ɗaya na fulawa, in an zuba ta da cokali an shafe bakin, giram 120 zuwa 125 ne. Kofi biyun da kika zuba giram 250 kenan, ko da kin ɗan danna ta da ƙyar ta kai 300, malama kuma 500 ta ce. Kinga rabin fulawa kika sa. Bota kuwa kin sa ta cif, sbd ledar Simas ɗin da muke saye giram 250 ce an riga an auna maki ita daga kamfani, leda biyu 500 daidai. Ƙwai ma goma cif. Toh rabin fulawa ta ina za ta riƙe wannan uban man da ruwan ƙwai goma? Fulawa ita ce ginshiƙin kek, ita da ƙwai ke riƙe shi in ya tashi, da ba ta kai ba sai ya kumbura da zafi ya rasa abin tsayawa ya faɗa tsakiya, man da bai samu abin shanye shi ba ya gangara ƙasan gwangwanin. Abin da kika gani kenan babu ƙari babu ragi. Sikarin ma bai kai ba, kofinshi ɗaya giram 200 ne, ɗaya da rabi 300 kenan maimakon 400, amma wannan bai kai na fulawar ɓarna ba. Karo na biyu kuma kin ji tsoro kin antaya fulawa da ido ta wuce misali, kuma na san sai da kika yi ta juyawa kafin ta shige, fulawa kau in ta sha juyi bayan ta jiƙe danƙo take yi irin na burodi, shi ne taurin nan.

Dan haka in da kofi za ki yi haɗin nan, fulawa kofi 4 ce, sikari kofi 2, bota leda 2 yadda kika yi. Lissafin ba wuya, ki raba giram ɗin da aka ce da nauyin kofi ɗaya na wannan abun, 500 a raba da 125 ya ba da 4, 400 a raba da 200 ya ba da 2. In kuma haɗin da kofi aka rubuta shi kina so ki maida shi giram sai ki ninka, kofi 3 na fulawa sau 125 giram 375. Shikenan fa. Abin da kawai za ki riƙe shi ne nauyin kowane, ki samu ɗan littafi ki rubuta ko ki liƙa a jikin ƙofar kabad: bota kofi ɗaya wajen 227, man gyaɗa wajen 220, sikarin gari na ado wanda ake cewa aisin shuga wajen 120 duk da shi ma sikari ne, hodar koko tsakanin 85 da 100, zuma kuwa har 340 take kaiwa sbd nauyinta, litarta ɗaya kusan kilo ɗaya da giram 400 ce, alhali litar mai ba ta ma cika kilo ba, wajen giram 920 take. In za ki tambayi Google ma ki faɗa mashi sunan abun, in kika ce mashi kofi ɗaya giram nawa kawai, zai iya ba ki na ruwa, kuma ina kyautata zaton ta nan 250 ɗin nan ta shigo unguwarku.

Sai yadda ake cika kofin, nan ne mata da yawa ke faɗawa ko da sun san lissafin. Mu mun saba da awon kasuwa, a tsoma kwano cikin buhu a ɗebo a girgiza a ƙara har ya yi tozo. In kika yi wa fulawar kek haka, kofin da ya kamata ya zama 125 sai ya koma 150 ko fiye, ke a ganinki kofi ɗaya ne. Ki fara motsa fulawar da cokali cikin robarta ta saki jiki, sbd in ta daɗe a aje danƙarewa take, sannan ki riƙa ɗibarta da cokali kina zubawa a kofin har ya cika ya ɗan haura, kar ki danna kar ki bubbuga shi a kan teburi, sai ki sa bayan wuƙa ki shafe saman sumul. Ki auna sannan ki tankaɗe, in kika tankaɗe kafin awo ta ƙara shan iska kofin zai yi ƙasa da 125. Sikari bai da wannan rigimar sosai, ko yaya kika ɗebo shi kusan nan yake tsayawa.

Shi kanshi kofin ki duba shi. Ki juya hannunshi ko gindinshi za ki ga an rubuta 240 ko 250, na Amurka wajen ml 237 ne ake zagaye shi a ce 240, na Ostireliya da masu bin tsarin mita 250, bambancin kaɗan ne ba zai ɓata maki kek ba matuƙar saiti ɗaya kika yi amfani da shi tun daga farko har ƙarshe. Abin tsoro shi ne wasu na robar nan masu arha rubutun kawai gare su. Gwajin mai sauƙi ne, ki samu ruwan gora wanda aka rubuta 50cl, ml 500 kenan, ya kamata ya cika kofin 250 sau biyu ya ƙare. In ya cika shi sau biyu da saura mai yawa toh kofinki ƙarami ne, ki ba yara su yi wasan ƙasa da shi. Kofin shan shayi kuma kar ma ki fara, kowane gida da girman nasu.

Cokali ma haka. Ƙaramin na awo ml 5 ne, babban ml 15, uku na ƙarami ke yin babba ɗaya, babba 16 ke yin kofin Amurka. Ki lura da rubutun da kyau sbd harafi ɗaya ne tsakaninsu, tsp ƙarami tbsp babba, in kika ɗauki wannan a matsayin wancan kin ninka bekin foda sau uku, kek zai yi bauri a harshe ya tashi da gudu ya faɗi da gudu. Giram 10 ɗin da malama ta ce cokali biyu ne da ɗan ɗoriya na ƙaramin, a shafe, dan cokali ɗaya giram 4 zuwa 5 yake ɗauka. In kina shakkar cokalinki, ɗan murfin nan na roba da ke zuwa da maganin yara na ruwa akwai zanen 5ml da 10ml a jikinshi, ki wanke shi tas ki gwada da ruwa. Kuma bekin foda daban bekin soda daban, masu shago wani lokacin su miƙo maki wanda ke kusa da hannunsu, ki karanta gwangwanin kafin ki bar wurin.

Ƙwai goma kuma, wane irin ƙwai? Masu rubuta haɗi manyan ƙwan gidan gona suke nufi, kowane wajen giram 50 in an cire ɓawo, goma 500 kenan shi ya sa ya yi kai ɗaya da fulawa da bota. In ƙanana kika samu, ko na kajin gida ko na zabi da ke yawa da damina, goma ba za su kai ba, sai ki fasa sha biyu ko fiye kafin ki kai nauyin.

Duk wannan bayanin na yi maki ne dan ki gane inda abin ya karkace, amma shawarata ta gaskiya ki sayi sikeli. Ƙaramin nan na kicin mai batir wanda ke nuna lamba, yana ɗaukar har kilo 5, za ki same shi wurin masu kayan kek da kayan kicin a babbar kasuwa, kuma in kika haɗa kuɗin bota leda huɗu da ƙwai ashirin da suka tafi a gwaji biyun nan ki auna da kuɗinshi ke da kanki za ki ba kanki amsa. Akwai maɓalli a jikinshi da aka rubuta tare ko zero, kin ɗora roba kin danna ya koma sifili, kin zuba fulawa har 500, kin sake dannawa kin zuba na gaba, ba kofi ba wanke-wanke. Ki tabbatar a kan g yake ba oz ba, oz ɗaya giram 28 ne da 'yan kai, awon Amurkawa ne, su ne kuma za ki ji a YouTube suna cewa sandar bota ɗaya, giram 113 suke nufi, rabin kofi. Tun a shagon ki ɗora mashi ledar bota ki gani, in ya nuna 250 da ɗan abin da ledar ta ƙara toh lafiyarshi lau. Abu ɗaya da ba na so ki dogara da shi a kai shi ne ƙananan abubuwa irin gishiri da yis da bekin foda, giram biyu uku yakan yi mashi wuyar kamawa, nan cokalin awo ya fi.

Dalilin da ya sa na nace, aikin naki ba na kwano ɗaya ba ne. Kuskuren giram 25 a kofi ɗaya ba a jinshi in kek ɗin gida ne, amma kek 300 fulawarshi kofi 32 ce, ki ninka ki ga, giram 800 kenan ta ƙaru ba ki sani ba, kuma hannunki na farkon aiki ba shi ne na ƙarfe biyun dare ba in kin gaji. Ga lissafin bikin tunda mun zo nan. Haɗi ɗaya in kika tara 500 da 500 da 400 da 500 na ƙwai ƙullun zai kai wajen giram 1,900, in kina zuba giram 50 a kowace takarda za ki samu 38, in takardunki ƙanana ne ki rage ki samu fiye. Haɗi takwas zai ba ki 304. Kenan fulawa kilo 4, bota leda 16, sikari kilo 3 da giram 200, ƙwai 80, ki sayi kiret uku saura goman na fashewa da na gwaji. Kinga yanzu kina da abin da za ki rubuta a takarda ki kai a ba ki kuɗin kaya, dan aikin dangin miji in ba a yi maganar kuɗin kaya tun farko ba ƙarshenta daga jarinki zai fita kuma ba za ki iya buɗe baki ki tambaya ba, wannan dai na faɗa maki ne a matsayin yayarki. Kar kuma ki kwaɓa takwas ɗin lokaci ɗaya, bekin foda na fara aiki ne da zarar ya jiƙe, ƙullun da ya zauna jiran layi ba zai tashi kamar na farko ba, ki kwaɓa iya abin da obin ɗinki ke ɗauka, in na gawayi ne ko tukunya da yashi ma sai ki fara da wuri ki nemi mai kama maki.

Kafin nan ki yi ɗan gwaji da kwatan haɗin, fulawa kofi ɗaya, bota rabin leda, sikari rabin kofi, ƙwai uku ki kaɗa ki rage kaɗan ya tsaya giram 125, bekin foda rabin ƙaramin cokali da ɗan ɗoriya. Zai ba ki tara ko goma. In ya yi kyau ki jera a faranti mai murfi ki kai ma Hajiya da kanki, kar ki aiki yaro, kuma kar ki ɗauko zancen habaicin da aka yi, ki ce Hajiya ga shi a ɗanɗana a gaya mani abin da za a gyara.

Batun cincin kuma ni ina bayan Hajiya. Awonta na mudu da gwangwani ba shirme ba ne, shekara da shekaru tana fita kunyar biki da shi, yana yi mata daidai ne sbd gwangwani ɗaya take amfani da shi da hannu ɗaya, kuma cincin na da haƙuri ba kamar kek ba, in ya yi tauri a yayyafa ruwa in ya yi ruwa a barbaɗa fulawa, hannu ke gaya maki. Kuskuren da za ki yi shi ne ki je intanet ki nemi mudu ɗaya giram nawa ne. Mudu kala-kala ne, na wannan kasuwa daban da na waccan, na Katsina ba lallai ya zo ɗaya da na Daura ko Kano ba, ga tiya ga rabin tiya, wani kwanon an bubbuge gindinshi, wani mai awon ya yi maki tozo wani ya shafe. Gwangwanin madara ma 170g ɗin da kike gani a jikin wasu nauyin madarar da ke ciki ne, in kika zuba fulawa kika shafe da ƙyar ta kai giram 100, kuma bai kai kofin awo girma ba, dan haka in wata ta ce maki kofi ki tambaye ta wane kofin take nufi.

Abin da za ki yi, ki je da sikelinki gidan da rana tsaka lokacin da ba mutane, ki ce Hajiya so nake ki koya mani cincin ɗinki yadda kike yi. Ki bari ITA ta cika mudun da hannunta da kwanonta, tozon da ta saba, ke kuma ki juye a roba ki ɗora a sikeli ki rubuta. Haka sikarin, haka botar ko man, har ruwan da za ta zuba ki auna shi kafin da bayan ki ga nawa ya shiga. A maimaita awon fulawar sau biyu ko uku ki ɗauki na tsakiya. Daga ranar kina da cincin ɗin Hajiya a rubuce da giram, ko gwangwanin ya ɓata ko kin koma wani garin zai fito iri ɗaya, kuma tsofaffinmu ba abin da ke sanyaya masu rai irin a durƙusa a ce a koya mani. Ruwan dai kar ki ɗaure shi da lamba, da hunturu fulawa ta bushe ta fi shan ruwa, da damina ta riga ta sha danshi tun a buhu, ki zuba kashi uku cikin huɗu tukuna sauran ki bi da shi kaɗan-kaɗan.

Malamarku kuma ki tura mata saƙo ki tambaye ta wutar da ake gasawa da minti nawa tunda ba ki ambata ba, yawanci irin waɗannan ƙananan digiri 170 zuwa 180 ne a ma'aunin °C, minti 18 zuwa 22, kuma kar ki riƙa buɗe obin ɗin kina leƙe a minti sha biyar na farko, wannan ma na sa tsakiya ta lotsa. In kin je sayen sikelin ki haɗo da batir na biyu ki aje, ki ɗora shi a kan teburi ko tayil mai tauri wanda bai karkace ba, ba a kan tabarma ko katifa ba dan lambar rawa za ta riƙa yi, kuma cincin ɗin ki fara soya shi tun saura sati ɗaya tunda shi yana jure ajiya, kek kuma sai ana gobe ko jibi.